Lambar Keke Mai Huda

Shekara ta uku ke nan da rufe ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta garinmu, a bakin kogin Noord, tarin fuka ya kwantar da Dirkje, matar Teunis Verhoog. Teunis maƙerin tagulla ne. Tun yana saurayi yake lanƙwasa bututun jirgi, ba a taɓa dawo masa da aiki an ce ya sake ba. Amma a 1934 wa ke son jirgi? Waɗanda aka riga aka ƙera ma ga su nan ɗaure a jere a bakin ruwa, tsatsa na cinsu, tsuntsaye sun yi sheƙa a bututun hayaƙinsu.

Kwamitin agaji na gari ya samar wa Dirkje gado a wani asibitin masu tari, can gabas cikin daji inda iska take bushe, tafiyar rabin yini a keke. Madam Terlouw, matar mai kantin magani, ita ce bakin kwamitin, kuma ba ta iya kwana-kwana ba.

"Ka saurara da kyau, Verhoog," in ji ta. "Gadon nan na matan waɗanda ke kan tallafi ne. Ranar da sunanka ya fita daga tallafi, ko don ka sami aiki, ko don ka yi wani abin banza, ranar za ta tashi a ba wata. Masu jira sun fi gadajen yawa."

Teunis ya ce ya ji, ya yi godiya, hularsa a hannu. Likita ya riga ya gaya masa in ta sake yin wani lokacin sanyi a ɗakinsu mai danshi, to ya fara neman katakon akwatin gawa.

Abin da ba a gaya masa ba shi ne asibitin ran Lahadi kaɗai ake shiga dubiya. Sauran ranakun ma ba nasa ba ne. Safe da yamma yana layin da marasa aiki masu karɓar tallafi ke buga hatimi, kuma kullum sai an sauya lokacin, don kada wani ya sulale ya yi ɗan aikin ɓoye. Jirgin ƙasa ba na irinsa ba ne. Saura keke. Lambar tagullar nan ta harajin keke, wadda kowa yake cirewa ya maƙala a ƙirjin kwat don tsoron ɓarayi, gwamnati ta ba marasa aiki ita kyauta. Sai dai kafin a miƙa maka, akawu zai ɗora ta a kan ƙarfe ya huda tsakiyarta. Wanda lambarsa ke da huda ba ya hawan keke ran Lahadi, don an ce keken na neman aiki ne, kuma ba a neman aiki ranar Ubangiji. Tun daga tsallaken titi yara suke gane hudar. Dirkje da kanta, tun tana da lafiya, ta ɗinka masa wani ɗan ƙyalle a kwat ɗin don ya riƙa rufe ta.

Haka bazara ta wuce, kaka ta shigo, bai sa ta a ido ba.

A layin hatimi kullum yana bayan Gijs, tsohon mai buga ƙusoshin jirgi, wanda ƙarar guduma ta cinye masa kunne ɗaya, shi ya sa ba ya magana sai da ihu.

"Kun ji sabon labari?" in ji Gijs wata safiya. "Manya sun ce a ƙara tsuke bakin aljihu. Nawa aljihun ko gindi ba shi da shi, ta ina zan tsuke?"

"Ka tambayi Amurkawa," in ji wani daga baya. "Su suka yi ta sayen takardun kasuwa da kuɗin da ba nasu ba, har abin ya fashe."

"To ni me na saya? Sigari ɗaya nake rabawa biyu!"

"Ba sai ka saya ba, kurma. Sun fasa ba Jamus rance, Jamus ta fasa sayen kabejinmu, Ingila ta sa wa man shanunmu haraji. Kowa ya rufe ƙofarsa. Ba kaya, ba jirgi. Ba jirgi, ga ka nan."

"Ai Ingila ta daina jingina kuɗinta da zinariya tuni, kuɗinta ya sauko, jiragenta suka yi araha," in ji wani kuma. "Namu kuwa sun ƙanƙame zinariyar kamar ita ta haife su. Wai kuɗinmu na da daraja a duniya."

"Allah ya ƙara masa daraja," in ji Gijs. "In kun gan shi ku gaishe min da shi, mun daɗe ba mu haɗu ba."

Aka yi dariya irin ta masu yunwa, gajeruwa. Sai Gijs ya juyo wajen Teunis, wai zai yi raɗa, amma rabin layin ya ji.

"Teun, ƙanwar matata ta je dubiyar 'yarta can. Ta ga Dirkje. Wai kowace Lahadi sai ta taje kai ta sa a juya mata gado ya dubi ƙofa. Har a buga ƙararrawar tashi."

Teunis ya matsa gaba a layin. Da ya isa taga, ya roƙi akawu a ba shi izinin Lahadi ɗaya tak.

"In na ba ka," in ji akawun, ko ɗago kai bai yi ba, "gobe duk layin nan matansu ba lafiya. Na gaba!"

Ran Asabar da la'asar ya kulle ƙofa, ya ɗaga katakon ƙasan gado, ya zaro ƙunshin kayan aikinsa, waɗanda ya ce wa hukuma ya sayar tun bara. Tagulla ce ba shi da ita. Ya duba ɗakin kaf, babu abin da ya rage mai launin lambar sai butar dafa kofi ta Dirkje, wadda ta gada wajen uwarta. Ya cire murfin, ya yanko 'yar da'ira daidai girman hudar, ya goge gefenta, ya zaunar da ita, ya bi ta baya da dalma siririya kamar gashi. Sannan ya zana layukan da hudar ta cinye, ya dusashe ƙyallin da toka da yawu. Da ya gama ya kai bakin taga, shi kansa sai da ya juya ta baya kafin ya gane wurin. Rabon da ya ji hannunsa ya zama nasa tun ranar da aka rufe ma'aikata.

Da asubar Lahadi ya hau keke. A bakin gada akwai ɗan sanda tsaye, yana hura hannuwa don sanyi. Teunis ya ci gaba da tuƙi. Ɗan sandan ya dubi ƙirjinsa, ya taɓa bakin hula.

"Barka da asuba, yallaɓai. A sauka lafiya."

Yallaɓai. Shekara uku rabonsa da jin wannan kalma. Ya yi ta maimaita ta a ransa yana tuƙi, ya wuce gonaki, ya wuce masu zuwa coci cikin baƙaƙen kaya suna amsa gaisuwarsa. Ƙyallen da Dirkje ta ɗinka ya cusa shi ciki. Kuma a nan ya yi kuskure, ba zan rufa masa asiri ba. Lambar don hanya aka gyara ta. Da ya isa ƙofar asibiti, abin da ya kamata ya yi shi ne ya cire ta ya jefa a aljihu. Ya kai hannu ma. Sai ya ga mazajen wasu suna shiga da tasu marar huda a ƙirji, sai ya bar ta.

Matan suna kwance a jere a baranda, an lulluɓe su da barguna har wuya, iska mai sanyi na dukan fuskokinsu, don haka ake maganin. Dirkje ta rame, amma kumatunta sun ɗan yi jini, ba kamar ranar da aka tafi da ita ba. Gadonta na duban ƙofa.

"Teun! Wayyo Teun! Da ƙafa ka zo, mahaukaci?"

"A keke."

"Yau? Lahadi?"

Sai idonta ya faɗa kan ƙirjinsa. Ta zaro hannu daga bargo, ta ɗora ɗan yatsa a tsakiyar lambar, ta danna. Ta sake dannawa.

"Ba huda," in ji ta a hankali. "Teun, ba huda. An kira ku aiki?"

Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya. Ya ga yadda fuskarta ta yi. Shekara uku bai ga wannan fuskar ba.

"Ɗan gyara ne," ya ce. "Wani jirgin yashe kogi."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta share baki, ta ci gaba da dariyar. Ta juya wajen ta kusa da ita. "Kin ji, Trijn? Ke da kika ce mijin nawa a mafarki yake? Ga shi nan, kuma ya koma aiki!"

"To Allah ya sa ya saya miki haƙora," in ji Trijn, tana leƙo lambar. "Malam, babu gurbin mutum ɗaya a jirgin? Nawa mijin ya zauna har kujera ta ɗauki siffarsa."

Labari ya bi baranda daga gado zuwa gado. Mata suna ɗago kai suna kallonsa kamar an kawo waliyyi. Dirkje ta riƙe hannunsa tana tsara yadda za su bar ɗakin nan mai danshi su kama na sama, mai taga biyu.

Ana cikin haka sai ga Madam Terlouw da kwando a hannu. Ashe takan zo lokaci-lokaci ta raba wa matan garinmu safar kwamiti, mai jan zare a baki, don kada a kai ta jingina. Ta tsaya a gindin gadon Dirkje ta miƙa mata.

Dirkje ta tura safar baya da yatsu biyu. Mace ce da ta yi shekara uku tana karɓar naman gwangwani na gwamnati da kai a sunkuye.

"Ki ba wata, Madam. Mijina zai saya min tawa. Marar jan zare."

Madam ta dubi Teunis. Ta dubi ƙirjinsa, ta daɗe tana duba. Sannan ta yi murmushi.

"Barka, Verhoog. Tun yaushe?"

Duk baranda ana jiran amsar mai sa'a. Hannun Dirkje na cikin nasa.

"Wannan makon, Madam."

"Abin farin ciki," in ji ta. Ta mayar da safar kwando ta wuce.

Bai san yadda ya tuƙo keken ya dawo ba. Ran Litinin ya je layi ya buga hatimi, safe da yamma, hannunsa na rufe da ƙirjinsa. Ran Talata da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Roelofs ne, mai binciken hukuma, wanda a da akawu ne a ma'aikatar jiragen, har sukan ci burodin rana a benci ɗaya. Ya shigo bai cire hula ba. Ya buɗe tukunya ya sansana, ya leƙa kabad, sannan ya ja kujera ya zauna.

"To, Verhoog. Wane jirgin yashe?"

"Babu jirgi, Roelofs."

"Yallaɓai Roelofs."

"Babu jirgi, yallaɓai. Ƙarya na yi wa matata."

"Da Madam. A gaban mata talatin. Mutumin da yake buga hatimi yana aiki a ɓoye, ka san hukuncinsa. Kawo lambar."

Ya miƙa masa. Roelofs ya juya ta, ya kai haske, ya kankare da farce.

"Wannan cikakkiya ce. Saya ka yi. Da me ka saya, in ba ka aiki?"

"Tawa ce mai huda. Cike ta na yi."

"Ban ga huda ba."

Teunis ya tsaya yana lissafi irin na wanda ruwa ya ci. Aikin ɓoye laifi ne babba. Cike huda, yana ganin, wauta ce ta miji, wataƙila a yi masa faɗa a ƙyale. Ya ɗauki lambar da awartaki, ya buɗe murhu, ya riƙe ta a kan garwashi. Dalmar ta yi gumi, ta narke, 'yar da'irar ta faɗo kan daɓe tana juyawa. Ya ɗago lambar, Roelofs ya dube shi ta cikin hudar.

"Kai, hannun nan bai mutu ba," in ji Roelofs, kuma da gaske yake yabon. "Da me ka yi? Da cokali? Ina kayan aikin da ka rantse ka sayar?"

Ba a daɗe ba ya gano katakon ƙasan gado. Ya baje kayan a tebur ɗaya bayan ɗaya, duk a goge, duk da mai.

"Mutumin da ba ya aiki ba ya shafa wa kayan aiki mai. Ka ga yanzu biyu ne. Ga jabun lamba, ga aikin ɓoye."

"Don girman Allah, Roelofs. Ni a yi min komai. A kai ni aikin tilas na haƙa a daji, a kulle ni. Gadon nake ji. Ta fara samun sauƙi, da idona na gani."

"Yarana biyar," in ji Roelofs yana naɗe kayan. "Madam ce ta kai magana, ba ni ba. In na koma na ce ban ga komai ba, mako mai zuwa ina bayanka a layi, Gijs yana min ihu a kunne. Ka so ka zama yallaɓai na yini ɗaya. To ka zama."

Ya tafi da kayan aikin, ya tafi da lambar. 'Yar da'irar ya bar masa a ƙasa.

Kwamiti ya zauna ran Alhamis, bai ɓata lokaci ba. An cire sunan Teunis daga tallafi har sai sanyi ya fita. Ya je gidan Madam Terlouw, ya bi ta ƙofar baya, 'yar aiki ta bar shi tsaye a waje har Madam ta gama shan shayi.

"Na gaya maka tun farko, ko ban gaya maka ba?" in ji ta daga bakin ƙofa. "In muka ɗaga maka ƙafa, me za mu ce wa masu gaskiya da suke zaune gida ran Lahadi? An riga an ba matar wani gadon. Ka je ka ɗauko ta ran Litinin. Yanzu ai ba ka da hatimin da zai riƙe ka."

Ba lamba, ba hawan keke, ko Lahadi ko Litinin. Amma babu dokar da ta hana mutum tura kekensa. Ya ɗaure matashi a kujerar baya, ya tura shi har asibitin, ya kwana a rumbun wani manomi a hanya. Ya iske Dirkje zaune a benci a ƙofar gida da ƙunshin kayanta, sanye da kwat ɗinta mai kyau. Ba wanda ya yi mata bayani. An dai ce mijinta zai zo.

"Sun ce gadon na matan marasa aiki ne," in ji ta, tana murmushi. "To su riƙe abinsu. Ka kama ɗakin saman?"

Ya ɗora ta a keke, ya lulluɓe ta, ya kama turawa. Sai da suka fita daga dajin ta ce, "Hau mana, Teun. Haka za mu yi ta tafiya kamar masu jana'iza?" Sannan ta leƙo ta dubi ƙirjinsa. Babu komai sai ƙyallen da ta ɗinka, yana lilo.

Ya gaya mata duka, idonsa a kan hanya.

Ba ta yi kuka ba. Can ta ce, "Na tashi daga gado, Teun. Bayan ka tafi. Na bi ɗaki ɗaki na gaya wa kowa. Har masu wanki." 

Iskar teku ta taso musu a fili, babu itace ko ɗaya da zai tare ta. Suka wuce wata gona inda aka tara kabeji tsibi-tsibi, ya fi tsayin mutum, ma'aikatan gwamnati suna kwarara masa kananzir don kada farashi ya ƙara faɗuwa, kada kuma wani ya ɗiba. Warin ya shiga ƙirjin Dirkje, ta yi ta tari har sai da ya tsaya ya riƙe ta. Jinin da ya fito a ƙyallenta ya gani, ita ma ta ga ya gani.

Da suka iso gida ya kwantar da ita, ya hura wuta da katakon da ya ɓalle daga ƙasan gado, ya ɗora buta. Tururi ya riƙa fita ta tsakiyar murfin, siriri, miƙe. Dirkje ta zuba masa ido daga kan gado.

"Kawo nan," in ji ta.

Ya kawo mata murfin da tsumma. Ta jira ya huce, ta zura ɗan yatsa a hudar.

"Ta uwata ce," ta ce.

Iyakar faɗan da ta yi masa ke nan, kuma ya fi son da ta zage shi.

Maƙwabta sun yi abin da za su iya. Matar Gijs takan kawo romon dankali, shi Gijs yakan tsinto gawayi a bakin layin dogo ya zube a ƙofa ya gudu. Amma bangon ɗakin yana tsattsafo ruwa kamar kullum. Dirkje ba ta ga narkewar ƙanƙarar kogi ba, cikin sanyin ta rasu.

Da sanyi ya fita aka mayar da sunan Teunis. Ya tsaya a layi bayan Gijs, wanda a ranar ya rasa abin ihu. Da ya isa taga, akawu ya duba ya ce tunda yanzu shi kaɗai ne, abin da za a riƙa ba shi ya ragu. Sannan ya ɗauko sabuwar lamba mai ƙyalli, ya ɗora a kan ƙarfe, ya daka mata guduma, ya turo masa.

"Ka dai sani. Ban da Lahadi."

Teunis ya maƙala ta a ƙirji, ya fizge ƙyallen ya yar a ƙasa.

"Ba ni da inda zan je ran Lahadi," ya ce.

"Na gaba!" in ji akawu.